Masu kiwon kyanwa a Jidda, a sassauta mata wanka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kyanwa mai lafiya ba ta bukatar wanka kowane mako. Harshenta mai kaushi ne, da shi take lashe datti da gashin da ya kaɗe, kuma yawan sabulu yana busar mata da fata.

Sai dai in ta faɗa cikin mai, ko ƙuma ta kama ta, ko tsufa ya hana ta lasar jikinta. Masu irin Shirazi mai dogon gashi, taje ta kullum ya fi mata wanka amfani.

In wankan ya zama dole, a taɓa ruwan da hannu tukuna. Kun dai san yadda tankin saman gini yake tafasa da rana a lokacin zafi. A kashe na'urar sanyaya ɗaki har sai kyanwar ta bushe, kuma kada ruwa ya shiga kunnenta.

Don Allah kada a zuba Dettol, guba ce gare ta, ga shi za ta lashe. Haka maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin permethrin, yana iya kashe ta. A nemi shamfu na kyanwa wurin likitan dabbobi.