Yadda za ka gane injin da zai fara ba ka matsala a masana'anta

Ƙarfen inji yana daɗewa. Abin da ke fara zama tsohon yayi shi ne ƙwaƙwalwar da ke sarrafa shi, wadda masu gyara ke kira PLC. Don haka mai kula da masana'anta a Jidda ko Dammam, daga akwatin wutar inji zai fara hasashensa.

Buɗe akwatin kowane inji, ka rubuta sunan PLC da lambarsa, da irin Windows ɗin kwamfutar da ke haɗe da shi. Sai ka nemi sanarwar kamfanin kan lokacin daina ƙera shi. Siemens ta fara janye PLC ɗinta samfurin S7-300 a Oktoban 2023, Microsoft kuma ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Injin da ya faɗa cikin irin wannan sahu, sa masa jan fenti, ka tanadi kayan gyaransa tun suna kasuwa.

Kwafi shirin da ke cikin PLC, wato umarnin da inji ke bi, gida biyu, ka karɓi lambar sirrinsa daga wanda ya kafa injin. Nan aka fi sakaci. Tsofaffin PLC da yawa batir ne ke riƙe musu shiri. Batir ya mutu, wuta ta ɗauke, shiri ya goge. Ga inji lafiya lau, amma ko motsi babu.

In sabo za ka sayo, tuna wutar Saudiyya 60 Hz ce, ta Sin da Turai 50 (Hz ma'aunin saurin bugun wutar lantarki ne). Motar lantarki ta inji da aka ƙera don juyi 1,500 a minti za ta koma 1,800. A famfo ko fanka, nauyin da take ja kan ƙaru da kusan kashi 70 cikin 100, sai zafi, sai ƙonewa. Rubuta 60 Hz cikin yarjejeniyar saye, ka kuma kammala takardun SABER, tsarin tantance ingancin kayan da ake shigarwa Saudiyya, kafin jirgi ya iso tashar Jidda.

Kada ka sauya dukkan layukan sarrafa kaya a tashi ɗaya. Gwada layi guda na wata 3, kana rubuta mintunan da ya tsaya da dalilin tsayawar, ka horar da mutum 2 a kowane zubin aiki. Alƙaluman nan za su yi maka amfani wajen neman rancen SIDF, asusun bunƙasa masana'antu na Saudiyya, ko shiga shirin zamanantar da masana'antu 4,000 da Ma'aikatar Masana'antu ta ƙaddamar a 2022, wanda ke auna yadda masana'anta ta shirya wa fasahar zamani da wani ma'auni mai suna SIRI.