Kurakuran da masu aikin hannu ke yi da KB, MB da GB

Ni saƙa nake yi da kwarashi, sai ɗan keken surfani na kwamfuta da na saya don aikin wuya a kaftanin yara da rubuta suna a jikin tawul, kuma gaskiya a shekarata ta farko ba zare ne ya fi wahalar da ni ba, waɗannan lambobin ne da ake sawa a gefen fayil. Toh tunda tambayoyin da 'yan uwa ke turo min kusan iri ɗaya ne, bari in haɗa su waje guda.

Ku fara riƙe ma'aunin. Harafi ɗaya kamar a ko b bayit ɗaya yake ci. Bayit 1000 shi ne KB 1, KB 1000 MB 1, MB 1000 GB 1, GB 1000 TB 1. Shi ke nan, kamar gwangwani, mudu, buhu.

Kuskuren da ya fi ƙona min rai shi ne a ɗauka nauyin fayil shi ne girman zane ko kyansa. Wata baiwar Allah ta biya aka haɗa mata zanen aikin wuya, aka turo fayil ta ga KB 60 kacal, ta kira ni ranta a ɓace wai an cuce ta, ai hoton da ta tura ma MB 3 ne, ya za a yi aikin da ta biya kuɗi ya dawo ɗan mitsitsi haka. Na ce Hajiya kwantar da hankalinki, fayil ɗin surfani ba hoto ba ne, umarni ne kawai ga allura, matsa nan, soka, matsa can, soka. A fayil ɗin DST, wato nau'in fayil ɗin surfani na kamfanin kekuna Tajima, kowane suka ɗaya bayit 3 yake ci, kin ga suka 20,000 zai ba ki wajen KB 60, kuma wannan aiki ne mai cika ido. Abin da za ki duba shi ne yawan suka, da faɗi da tsawon zanen a milimita, sannan ki gwada da firam ɗin kekenki, wato abin da ake ɗaure yadi a ciki. In firam ɗinki santimita 10 ne kowane gefe, zane kuma 14 ne, keken ba zai karɓa ba ko da KB 5 ne.

Ƙanin wannan kuskuren shi ne a ɗauki hoto a goge JPG, wato alamar fayil ɗin hoto, daga ƙarshen sunan a rubuta DST, ana zaton ya koma fayil ɗin keke. Bai koma ba. Sai an zauna da manhaja irin su Wilcom an bi zanen an tsara masa suka. Kuma kowane keke da yarensa, Brother PES yake so, Janome JEF, don haka ku faɗa wa mai haɗa muku zane sunan kekenku tun farko. DST baya riƙe kalar zare, shi ya sa wani lokaci za ku buɗe fure ku gan shi kore, ba lalacewa ya yi ba, ku sa zaren da kuke so.

Sai maganar filas. An sayo mai GB 32, an sa a kwamfuta ta nuna 29.8, an koma shago ana hayaniya. Ba a sace muku komai ba, masu ƙerawa da 1000 suke lissafi, Windows kuma da 1024, shi ya sa mai 64 ke nuna wajen 59.6, TB 1 kuma wajen GB 931. Cutar gaske tana wani waje, wato filas na jabu da aka rubuta masa GB mai yawa a jiki alhali cikinsa kaɗan ne, zai yi ta karɓar kaya kamar lafiya lau, ranar da kuka zo buɗewa ku tarar fayilolin sun lalace. Na taɓa rasa zane kusan na wata biyu ta haka, har yau in na tuna sai na ji ba daɗi. In kun sayi sabo ku cika shi taf da bidiyo, ku cire, ku mayar, ku buɗe na farko da na ƙarshe kafin ku amince masa.

Kuma kar ku sayi ƙaton filas don keke. Kekuna da yawa, musamman tsofaffi, filas mai tsarin ajiya na FAT32 kawai suke karantawa, manyan filas kuma galibi da wani tsarin daban, exFAT, suke zuwa. Mai GB 4 ko 8 ya ishe ku, GB 1 kaɗai zai ɗauki zane mai KB 60 sama da 16,000, yaushe za ku ɗinke su.

Hoto kuma akasin fayil ɗin surfani ne, shi nauyinsa na da amfani. WhatsApp na matse hoto, na MB 4 ya koma 'yan KB, a waya ya yi kyau amma da an kai wajen bugawa sai layukan taswirar saƙa su dagule ba ku gane sarƙa daga ɗauri. Ku tura shi a matsayin dokumen, ta nan ba ya taɓa shi, har GB 2 yana ɗauka. In cikakkiyar takardar A4 za a buga tas, ana son hoto mai fiksel, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto, wajen 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Hoton da aka riga aka matse ba ya dawowa, don haka asalin na kamara kar ku goge shi don kun tura wa wani.

Akwai kuma ƙaramin b, wato bit, da babban B, wato bayit. Saurin intanet da Mb ake faɗinsa, nauyin fayil da MB, kuma bit 8 ke yin bayit 1. In saurinku 8 Mbps ne, wato Mb 8 a daƙiƙa, MB 1 ke sauka a daƙiƙa, bidiyon koyon saƙa mai MB 300 zai ci minti 5, ba wayarku ce ta lalace ba. In data ta yi ƙasa ku rage ingancin bidiyon ku sauke shi a 480p, hannun mai saƙar na fitowa sarai.

Na ƙarshe, GB 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta tukunya ɗaya ce tsakanin Gmail, Drive da Photos. Bidiyon biki ya cika ta, saƙon kwastoma ya daina shigowa ba ku sani ba. Gmail ma MB 25 ne iyakar abin da za ku liƙa a saƙo ɗaya. Ni yanzu zanena na ajiye su waje uku, kwamfuta, Drive, da wani filas da ke cikin gwangwanin allurai, kuma kowane fayil da sunansa da girmansa, misali wuyan-kaftani-9x12.