Babi na 6: Mota mai araha ko mai shan mai kaɗan?

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, ba kuɗin mota kaɗai mai saye yake tambaya ba. Yana tambayar abin da za ta sha. Ka ɗauko biro da littafinka.

Darasi na 1: Auna shan mai

Ka je gidan mai, a cika maka tanki har famfo ya tsaya da kansa. Ka mayar da ƙaramar mitar kilomita ta gaban direba zuwa sifili. Ka yi zirga-zirgarka ta yau da kullum. Bayan mako guda ka koma famfo ɗin nan, a sake cikawa. Yanzu dubi fuskar famfo: akwai layin naira, akwai layin lita. Lita za ka rubuta.

A nan mutane ke tuntuɓe. Kuɗin mai yana hawa yana sauka, lita ba ta canjawa. Idan ka rubuta naira, lissafin wannan wata ba zai yi maka amfani a wata mai zuwa ba. Sake duba abin da ka rubuta. Lita ce? Madalla. Idan ba ita ba ce, goge, ba abin kunya ba ne.

Sai ka raba lita da kilomita, ka ninka da 100. Misali: lita 27, kilomita 300, amsa lita 9 ke nan a kowace kilomita 100. Lita a sama, kilomita a ƙasa. Lita, ba naira ba. Sau nawa za a faɗa? Duk wanda ya kawo takarda da ₦24,000 a gurbin lita zai sake aikin daga farko.

Darasi na 2: Haibirid

Ita ce mai inji da babban batir tare, kamar Toyota Prius da aka fara sayarwa a Japan a 1997. Duk lokacin da ka taka birki batir yana samun caji, shi ya sa ta fi rage mai a cunkoson cikin gari fiye da kan babbar hanya.

A ce tana shan lita 5 a kowace kilomita 100, taka tana shan 9, kana yin kilomita 1,500 a wata. Ita lita 75, taka 135. Bambanci lita 60. Yanzu ne naira za ta shigo: idan lita ₦900 ce, ka tsira da ₦54,000 a wata. Idan haibirid ta fi tsada da ₦2,000,000, raba da ₦54,000: wata 37 kafin kuɗinka ya dawo. Mai yin kilomita 500 kawai a wata zai jira sama da shekara 9.

Idan tokumbo ce, a sa bakanike ya gwada babban batirin da kwamfuta kafin a biya. A duba fankar da ke sanyaya shi, ƙurar hunturu tana toshe ta, zafi kuma yana kashe batir.

Darasi na 3: Motar lantarki

Ba ta shan mai. Ƙarama tana cin wajen yunit 15 zuwa 18 a kilomita 100. Ninka da kuɗin yunit na mitar gidanku. Awa nawa kuke samun wuta? Idan da janareto za ka yi caji, koma Darasi na 1 ka auna litar janareton.