Yadda ake dafa bakwit ba tare da an zubar da amfaninsa ba

Bakwit ƙwaya ce mai kusurwa uku da ta samo asali daga kudu maso yammacin ƙasar Sin, wajen lardunan Yunnan da Sichuan. A yau Rasha da Sin ne suka fi kowa noman sa. Rashawa suna dafa ƙwayar yadda take, Japanawa suna murza taliyar soba da garinsa, mutanen arewa maso yammacin Faransa kuma suna soya wani siririn fanke mai faɗi da shi. Ba dangin alkama ko gero ko dawa ba ne, tsiro ne mai faɗin ganye, kuma babu sinadarin gulutin, mai sa kwaɓin alkama danƙo, a cikinsa.

A kowane giram 100 na busasshiyar ƙwaya akwai furotin wajen giram 13, faiba wajen giram 10, da magniziyam da ya haura miligiram 200. Furotin ɗinsa yana da wadatar laisin, ɗaya daga cikin tubalan furotin, wanda ya yi ƙaranci a masara da alkama. Amma abin da ya fi jan hankalin masu bincike shi ne wani sinadari da ke cikinsa mai suna rutin, kuma samun sa ya dogara ne ga irin da aka sayo da yadda aka bari ruwa ya taɓa shi.

Wane iri za a saya

Iri biyu ake ci. Akwai na gama-gari, mai manyan ƙwayoyi da daɗin baki, shi ne ake samu a yawancin kantuna. Sannan akwai na Tatari, mai ƙananan ƙwayoyi da ɗaci, wanda ake nomawa a tsaunukan Sin da Nepal da Bhutan. Rutin da ke cikin na Tatari ya kai kusan ninki 100 na wanda ke cikin na gama-gari. Don haka wanda ya sayi na gama-gari ya samu abinci mai kyau, amma kada ya ɗauka ya tara rutin mai yawa.

Rutin yana daga cikin sinadaran tsirrai masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, kuma a Turai an daɗe ana haɗa magungunan kumburin jijiyoyin ƙafa daga danginsa. Akwai kuma wani sinadari, kairo-inositol, da ke da alaƙa da yadda insulin ke aiki. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane sun nuna raguwar sukari da kitsen jini ga masu cin bakwit a kai a kai, sai dai raguwar ba mai yawa ba ce, kuma akasarin gwaje-gwajen ƙanana ne. Mai ciwon suga ya ɗauke shi a matsayin abinci da bai kai farar shinkafa tayar da sukari ba, kada ya ajiye maganinsa saboda shi.

Waɗannan sinadarai sun fi taruwa a dusa da ƙwayar tsiron da ke ciki. Garin da aka tace ya yi fari fat kusan sitaci ne zalla. A nemi gari mai duhu, ko ma ƙwayar da aka cire wa ɓawo kawai.

Dafa ƙwayar

Za a ga kala biyu a kanti: kore-kore wanda ba a gasa ba, da ruwan ƙasa wanda aka turara aka gasa. Gasasshen ya fi sauƙin sha'ani. A zuba kofi 1 a faranti a tsince, a wanke sau ɗaya a tsane. A tafasa ruwa kofi 2 da rabin ƙaramin cokali na gishiri, sai ruwan ya tafasa sannan a zuba ƙwayar. A rufe, a rage wuta sosai, a bar shi minti 15 zuwa 18. Kada a juya. Juyawa tana farfasa ƙwayar, sitaci ya fito, abin ya caɓe. Idan ruwan ya tsotse a sauke, a bar tukunyar a rufe minti 10, sannan a zuba man shanu cokali ɗaya a barbaza da cokali mai yatsu.

Awon ruwan nan yana da dalili. Masu dafa shi a ruwa mai yawa su tsiyaye suna zubar da wani kaso na ma'adinai da bitamin B a magudana. Shi ya sa ma a Japan ake kawo ruwan da aka dafa soba a ƙarshen cin abinci a sha.

Ɗanyen kore shi ke ba mutane wahala. Da an jefa shi a ruwan sanyi an ɗora a wuta sai ya yi yauƙi ya zama kunu. Maganin abin shi ne a fara soya shi a busasshen kasko, wuta matsakaiciya, minti 4 zuwa 5 ana motsawa har ƙamshi ya tashi, sannan a dafa da ruwa kofi ɗaya da rabi zuwa biyu. Kada a bari ya yi baƙi, don zafin da ya wuce kima yana rage rutin. Wanda yake son jiƙa shi, saboda jiƙo yana rage sinadarin fitet mai hana jiki tsotse ƙarfe da zinki, to awa 6 zuwa kwana ɗaya ya isa, amma dole a ɗauraye yauƙin sau biyu ko uku, a kuma rage ruwan dahuwa da lokacinta zuwa kamar rabi.

Dafaffen bakwit da ya kwana a firji yana ƙara samun sitaci mai wuyar narkewa, wanda ke wucewa babban hanji ya zama abincin ƙwayoyin bakteriya masu amfani. Ana iya ɗumama shi washegari, ko a kwaɗa shi da tumatir da albasa.

Garin Tatari da matsalar ɗaci

A nan ne aka fi yin asara. A cikin ƙwayar Tatari akwai wani inzayim, wato sinadarin da ke sauya wasu sinadarai, da ke zaune shiru muddin garin a bushe yake. Da zarar ruwan sanyi ko mai ɗumi ya taɓa garin, sai ya fara yanka rutin yana mai da shi wani sinadari mai suna kwasetin, kuma cikin 'yan mintuna mafi yawan rutin ɗin ya tafi. Kwasetin ba guba ba ne, shi ma yana da nasa amfanin, amma shi ne ke kawo ɗacin da ke sa yara su ture kwano.

Zafi mai laima ne ke kashe wannan inzayim. Busasshen zafi ba ya gamawa da shi da kyau. Hanya biyu ce: ko a kwaɓa garin da tafasasshen ruwa kai tsaye, ana zubawa ana juyawa da muciya da sauri, ko a shimfiɗa garin a kan tsumma mai tsabta cikin madambaci a turara minti 10, ya huce, a murje gudajin, sannan a kwaɓa.  Shayin Tatari ba ya buƙatar wannan, don an riga an turara ƙwayar an gasa: babban cokali 1 a kofin tafasasshen ruwa, minti 3 zuwa 5, kuma ƙwayar da ta kwanta a ƙasa ana cinye ta.

Garin gama-gari ba shi da wannan fitinar. Don fanke, a kwaɓa giram 250 da ruwa rabin lita da gishiri kaɗan, a buga sosai, a ajiye a firji aƙalla awa 2. In ba a bar shi ya huta ba, yagewa zai yi a kasko, tunda babu gulutin da zai riƙe shi. Garin kuma yana saurin yin warin tsohon mai a wuri mai zafi, don haka a sayi kaɗan, a rufe a mazubi, a sa a firji.

Inda ake bukatar hattara

Bakwit yana tayar wa wasu borin jini mai tsanani, har da kumburin maƙogwaro da sarƙewar numfashi. A Japan doka ta tilasta a rubuta shi a jikin duk kunshin abincin da ya ƙunsa. Wanda bai taɓa ci ba ya fara da cokali ɗaya. In leɓe ya kumbura ko numfashi ya yi nauyi, asibiti za a nufa nan take.

Mai cutar siliyak, wato wanda gulutin ke cutar da hanjinsa, ya karanta kwalin soba da kyau: wadda aka fi sani kashi 80 bakwit ce, kashi 20 alkama, wasu ma alkamar ta fi yawa.

Ganyen da furen da tsiron da ya yi kore suna ɗauke da fagofirin, sinadarin da ke sa fata ta yi ja da raɗaɗi idan rana ta doke ta. An fi ganin haka a dabbobi masu farar fata da suka yi kiwo a gonarsa, da kuma mutanen da ke markaɗa ganyen suna sha kullum. A ƙwayar ba shi da yawa.

Tsintar da aka ambata a sama ba ta tsakuwa kaɗai ba ce. Wani ɗan'uwan zaƙami yana fitowa a gonakin bakwit a Turai, kuma 'ya'yansa sukan bi girbi. A shekarar 2003 mutane da dama sun sha guba a ƙasar Slobeniya daga garin da ya gauraya da su. 'Ya'yan baƙaƙe ne, masu faɗi, siffar ƙoda, saɓanin bakwit mai kusurwa uku. A ƙwaya ana iya ganin su a cire, amma a gari ba a gani, don haka gari sai wanda aka rufe daga masana'anta. Idan bayan cin abincin baki ya bushe, gani ya dushe, zuciya ta hau bugu da sauri, a tafi asibiti da ragowar garin a hannu.