Yadda malami zai gina siffar furotin ɗin kwafi na ƙwayar shan-inna da yumɓu

Malamin kimiyya a makarantar ƙauye, a wajen Ringim ne ko Ɗambatta, ba ya bukatar ɗakin gwaji kafin ya nuna wa ɗalibansa yadda bairos, wato ƙwayar cuta irin ta shan-inna, ke hayayyafa. Ƙwayar shan-inna ba ta yaɗuwa a jikin yaro sai ta kwafi zaren gadonta na RNA, kuma furotin ɗin da ke wannan aiki, wanda masana ke kira polimares, sarƙa ce da ta naɗe kanta, mai amino asid 461, wato tubalan da ake gina furotin da su. A shekarar 1997 aka fara bayyana siffarsa, aka ga ya yi kama da hannun dama na mutum.

Saboda haka da hannu za ka fara. Ka sa kowane ɗalibi ya lanƙwasa hannunsa na dama kamar zai kamfaci gero, sannan ya kai kan yatsunsa su taɓa babban yatsa, ya bar rami a tsakiya.

Bayan nan ka samo yumɓu wajen masu ginin tukwane, da karan dawa, da zare kala biyu, da ƙananan tsakuwa guda biyu. Ka fara gina tafin hannun, ka yi shi da kauri, domin a nan ne ake ƙulla sabon zare. Ka dasa tsakuwar nan biyu a tsakiyarsa kusa da juna. Su ne a madadin ƙwayoyi biyu na sinadarin maganiziyam da amino asid mai suna asfatet ke riƙewa, waɗanda in babu su aikin ba zai yiwu ba. Yatsun kuwa a jikin kara za ka ɗora su don kada su karye, kuma lallai ka manne kansu da babban yatsa. A ganina nan ne darasin yake, domin wannan haɗuwa ce ke rufe wurin aikin ta mai da shi zobe, saɓanin irin wannan furotin na ƙwayar HIV wanda hannunsa a buɗe yake. Ka zura zare ɗaya ta saman yatsun ya ratsa tafin, ka huda ƙofa ta baya inda tubalan sabon zare ke shigowa, sannan ka fito da zaren biyu, na asali da sabon, a murɗe ta gaba.

A inuwa za a shanya shi, musamman lokacin hunturu, in ba haka ba zai tsage.

Idan akwai waya mai intanet, ka buɗe rumbun siffofin furotin mai suna Protein Data Bank, wanda aka kafa a 1971 kuma kyauta ne, ka rubuta lambar 6M71. Polimares ɗin ƙwayar korona ne da aka bayyana a 2020, mai amino asid 932, wanda maganin remdesivir ke yi wa cikas. Ka juya hoton da yatsa, ka bar ɗalibai su nemo tafin hannun da kansu.