Yadda ƙaramin asibiti zai shirya wa ambaliya tun kafin damina

A watan Satumba na 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da dama a Maiduguri, har ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Tun da babban asibiti bai tsira ba, na unguwa ya fi buƙatar shiri.

A fara tun watan Afrilu. NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, tana fitar da hasashen damina a farkon shekara, NIHSA kuma, hukumar da ke sa ido kan koguna da ambaliya, tana bayyana ƙananan hukumomin da ambaliya ke iya shafa. A duba ko taku na ciki, sannan a tambayi dattawan unguwa iya inda ruwa ya taɓa kaiwa, a ja layi a bango. Magunguna, katunan marasa lafiya da baturan sola duk su koma sama da layin. Janareta a gina masa dandamalin siminti a waje; kada a shigar da shi ɗaki don gudun ruwa, hayaƙinsa na kisa.

Alluran rigakafi su ne suka fi saurin lalacewa. Suna son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Celsius, kuma da wuta ta ɗauke lissafi ya fara. A tanadi akwatin sanyi da robobin ƙanƙara, a san asibitin da za a kai su. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗora kwalaben a kan ƙanƙarar da aka ciro yanzu daga firiza. Allurar penta (rigakafin cututtuka biyar na yara) da ta tetanus idan suka daskare sun tashi aiki, ko da ido bai ga canji ba. A ajiye robar a waje tukuna, sai an girgiza an ji ruwa na motsi a ciki sannan a jera ta.

Ruwan sha da sauran amfani kuma a yi masa lissafi: lita 5 ga mai zuwa ya tafi, lita 40 zuwa 60 a rana ga wanda aka kwantar. Asibiti mai gado 10 da ke ganin mutum 50 a wuni yana buƙatar aƙalla lita 650, wato kusan lita 2,000 na kwana uku. Ambaliya tana haɗa ruwan masai da na rijiya, daga nan kwalara ke ɓullowa. A sa wa ruwa sinadarin kulorin, a jira minti 30 kafin a sha, a kuma tara fakitin ORS (garin gishiri da sukari na masu gudawa) da ledojin ƙarin ruwa.

Rubutaccen tsarin shirin kada ya wuce shafi biyu. Kowane aiki da sunan mai yinsa da na mataimakinsa: wa zai kashe babban makunnin wuta, wa zai ɗauki akwatin allura, wa zai fitar da masu naƙuda da jarirai, kuma zuwa ina. Lambobin waya, har da lambar gaggawa ta 112 da ta SEMA (hukumar agajin gaggawa ta jiha) da ta direbobin da aka yi magana da su, a rubuta a takarda a manna a bango, domin caji na ƙarewa. A tsayar da wurin haɗuwa a kan tudu, saboda layin waya na iya katsewa.

A gwada shirin kafin ruwan farko, kuma da ma'aikatan dare, lokacin da hannu ya fi ƙaranci. A nan ake gano cewa makullin sito yana aljihun wanda ya tashi aiki, ko gadon majinyaci ba ya wucewa ta ƙofar baya. A gyara a makon, a sake gwadawa a farkon Agusta.