Babi na Shida: Takardar Shan Wuta da ke Jikin Firij

Darasi na 1: Takardar wannan firij ɗin ce?

A ƙofar sabon firij akwai takarda mai launi da ke faɗin yawan wutar da yake sha. Kada ku fara da launi. Ku fara da lambar samfuri, wato haruffa da lambobin da ke saman takardar. Ku kwafe su a littafinku, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ku buɗe firij ɗin ku duba bangon ciki, ko ku leƙa bayansa, akwai wata ƙaramar takarda ta kamfani. Lambar da ke can dole ta zo daidai da wadda kuka kwafa.

Nan aka fi yin tuntuɓe, kuma ba abin kunya ba ne. Ku ɗora yatsa a kan harafin farko, ku faɗe shi, ku duba littafi. Na biyu ma haka. Harafin O yana kama da sifiri, B yana kama da 8. Kun gama? Ku sake daga farko.

Dalili kuwa, takarda ana iya ɓare ta a manna wa wani firij. A Turai ma kamfani ne ke bayyana adadin da kansa, hukuma ta ɗauki kaɗan ta gwada. A Najeriya hukumar SON ce ke sa ido kan ingancin kaya, amma ba ta tsaye a kowane shago. Haba jama'a, ku daina cewa "ai mai shago ya rantse". Rantsuwa ba ta rage kuɗin wuta. Ku gwada lambobin nan biyu!

Darasi na 2: Yunit nawa?

Ku nemi lambar da ke kusa da kWh. Kowane kWh ɗaya yunit ɗaya ne a mitarku. In an rubuta 300 a shekara, ku raba gida 12, yunit 25 ke nan a wata. A ɗakin gwaji aka auna shi, cikin zafin bazara zai sha fiye da haka. Takardar Turai tun Maris 2021 daga A (mafi ƙarancin shan wuta) take zuwa G, mai A+++ tsohuwa ce. Ta Ghana taurari ne, yawansu shi ne ƙarancin shan wuta. Kun dai gwada lambar samfuri ko?

Darasi na 3: Harafin zafi

A ƙaramar takardar ku nemi T. Firij mai T yana jure zafi har digiri 43, mai N kuwa 32 kawai.